Baba wata 14 babu miyau bayan gashi, amma wai na ɓera yana dawowa?

Ummu_Sadiq_Kawo
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimake ni da amsar da zan gane. An yi wa mahaifinmu gashin ciwon daji a maƙogwaro, mako bakwai ana kai shi. Alhamdu lillahi ciwon ya lafa. Amma yau wata 14 ke nan bakinsa a bushe ƙamas. Tuwo ba ya wuce masa sai an tsinka miya, kowace loma sai ya kora da ruwa. Cikin dare yakan tashi sau huɗu ko biyar don harshe ya manne wa ganɗa. Mutumin da ya saba jan baƙi a masallacin unguwa, yanzu aya uku ba ya haɗawa sai ya tsaya ya jiƙa baki. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ya ce an koya musu cewa in aka lalata wa ɓera maɓuɓɓugar miyau, cikin 'yan makonni take sake tofowa. To in haka ne, me ya hana ta Baba tofowa? Ko akwai abin da ake yi wa ɓerayen da mu ba a yi mana ba?

Alhaji_TudunWada
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ne. Allah ya yi muku albarka da kuke tsaye a kansa.

ƊanRigasa
Amin. Amma Hajiya ɓera ai ɓera ne. Kullum sai mu ji an warkar da ɓera, mutum kuwa shiru.

Malamin_Sassan_Jiki
Hajiya Ummu Sadiq, sannu da jinya. Ƙanenki gaskiya ya faɗa, sai dai rabin labarin ya kawo miki. Bari in fara daga yadda abin yake.

Manyan maɓuɓɓugan miyau guda shida ne, uku a kowane ɓari: ɗaya a gaban kunne, wadda ke kumbura in yaro ya yi hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana ɗaruruwa warwatse a leɓe da kumatu da ganɗa. Gaba ɗaya suna ba mutum tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini.

In kika duba cikinta a madubin ɗakin gwaji, kamar zangarniyar dawa take. Akwai tsaba, akwai sillayen da tsabar ke rataye a jiki. Tsabar ita ce tarin ƙwayoyin halittar da ke haɗa miyau. Sillayen kuma 'yan bututu ne da ke tattaro shi, ƙarami ya zuba a babba, har a kai ga babban bututu ɗaya da ke buɗewa cikin baki. Akwai wasu ƙwayoyin na uku da suka rungume kowace tsaba kamar yatsun mai tatsar saniya, su ke matsa ta.

Gwajin da ƙanenki ke nufi shi ne a sa wa ɓera maganin barci, a ɗaure babban bututun nan da zare ko a danne shi da ɗan maƙalin ƙarfe. Miyau ya rasa hanya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai tsabar ta motse, da yawa daga ƙwayoyinta su mutu, kuma mutuwa ce mai tsari wadda jiki ke yi da kansa, ba ruɓewa ba. Nauyin maɓuɓɓugar yakan faɗi har kusan rabi. Amma bututun ba sa mutuwa, wasu ƙwayoyinsu ma rabuwa suke yi suna ƙaruwa a daidai lokacin da tsaba ke zubewa. Da an kwance ɗaurin, a kwanakin farko sai ka ga ƙwayoyi na rabuwa ko'ina, bayan 'yan makonni tsaba ta cika, miyau ya dawo. Na sha nuna wa ɗalibai yankan naman nan a madubin ɗakin gwaji, kuma har yau in na gani sai na yi tasbihi.

To amma ɗauri daban, gashi daban. Ɗauri kamar fari ne ya kama gona, saiwa na nan da ranta. Gashi kuwa har ƙasar yake taɓawa.

Ummu_Sadiq_Kawo
Malam na gode ƙwarai. Amma ta yaya ake sanin ƙwayar ta rabu? Ai ba a zaune ake ana kallonta ba.

Malamin_Sassan_Jiki
Tambaya mai kyau. Lamba ake sa musu. Akwai wani sinadari, BrdU, da ake yi wa ɓeran allurarsa. Duk ƙwayar da ke shirin rabuwa sai ta kwafe kundin gadonta, wato DNA, to a wajen kwafar take haɗiye sinadarin. In aka yanka naman siriri aka rina, sai waɗanda suka rabu su fito da launi, a ƙirga su. Akwai kuma wani furotin, Ki-67, da ba a samunsa sai a ƙwayar da ke kan hanyar rabuwa, shi ma rina shi ake yi. Da haka aka gano cewa sababbin ƙwayoyin tsaba daga ƙananan bututu suke fitowa.

Tela_KasuwarBarci
Ikon Allah. Wallahi abin da Malam ya faɗa a jikina ya faru. Shekara uku da suka wuce, duk lokacin da na zauna cin abinci sai ƙarƙashin haɓata ta ɓarin hagu ya kumbura kamar ƙwai, bayan awa ɗaya ya sace. In na lasa tsami kuwa har hawaye. Na ɗauka kaluluwa ce, na yi ta shafe-shafe. Ashe wai tsakuwa ce ta toshe bututun. Da aka cire ta ba ta fi ƙwayar wake ba. Yanzu lafiya lau. Ke nan ni ma ɗaure ni aka yi aka kwance.

Nas_Barnawa
Haka ne Malam Tela, kuma mafi yawan irin wannan tsakuwar a ta ƙarƙashin muƙamuƙi ake samunta, don miyaunta ya fi kauri, bututunta kuma hawa yake yi kafin ya fito. Allah ya taimake ka aka cire da wuri. In ta daɗe shekaru sai naman ya zama tabo, a ƙarshe a cire maɓuɓɓugar ɗungurungum.

ƊanKaduna_a_Turai
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da gyara a jimlarka ta ƙarshe, ka yi mini afuwa. Cewa sabuwar tsaba daga ƙananan bututu take fitowa shi ne abin da aka daɗe ana koyarwa, mu ma shi muka haddace. Matsalar ita ce rini yana nuna maka wa ya rabu, ba ya nuna maka wa ya haifi wa. Ka ga ƙwayar bututu da launi yau, ka ga tsaba a gefenta gobe, sai ka ce uwa da 'ya ne, alhali ƙila maƙwabta ne kawai.

A 2015 ɗakin binciken Catherine Ovitt a Jami'ar Rochester ta Amurka ya bi wata hanya. Sun yi amfani da ƙananan ɓerayen da aka sarrafa gadonsu yadda kowace ƙwayar tsaba za ta ɗauki launi nata, wannan ja, wannan kore, wannan ɗorawa, kuma duk 'yar da ta haifa da launin uwar za ta fito. Suka bari watanni suka wuce. Da a ce bututu ne ke kawo sababbi, da launukan sun yi ta dushewa, marasa launi na maye gurbinsu. Sai aka ga akasin haka: gungu-gungu masu launi ɗaya suna faɗaɗa. Ma'ana tsabar da kanta take haifar 'yan uwanta. Har bayan ɗauri da kwancewa, waɗanda suka tsira su ne suka fi cike gurbin.

Malamin_Sassan_Jiki
Na karɓi gyara, ƙanena, kuma na ji daɗinsa. Amma ba zan jefar da tsohon zance gaba ɗaya ba. Ayyukan da suka biyo baya sun nuna abin ya danganta da tsananin raunin. In ɗaurin mai sauƙi ne, tsaba ta tsira da yawa, ita za ta yi aikin. In ya yi tsanani har kusan duk ta ƙare, an ga ƙwayoyin bututu da ma masu matsar nan suna sauya kama su zama tsaba. Gida ne in babba ya faɗi sai na ƙasa ya ɗauki nauyi.

ƊanKaduna_a_Turai
Wannan kam haka yake, ban musa ba. Har yanzu ana ja-in-ja a kan yawan abin da kowane ke bayarwa.

ƊanRigasa
To kun gani. Ku masana ma ba ku daidaita ba. Ni dai tambayata, duk wannan wahalar da ake ba dabbobi, me ta tsinana wa mahaifin baiwar Allah nan?

Hajiya_UnguwarRimi
Ni ma abin da ya tsaya mini a rai ke nan. A ɗaure wa dabba maƙogwaro mako biyu? Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Ba na cewa haram ne, ban kai nan ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

LikitanShanu_Zango
Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma gara a riƙa faɗa. Amma ba maƙogwaro ake ɗaurewa ba, bututu ɗaya ne siriri kamar zare, yawanci a ɓari ɗaya, ɗaya ɓarin na aiki, dabbar na ci tana sha. Ana sa ta barci kafin a taɓa ta, a ba ta maganin zafi bayan aiki, kuma a ƙa'ida sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince kafin a fara. Inda ake sakaci da wannan, laifi ne, kuma ni da kaina na taɓa ƙin sa hannu a wani aiki saboda haka.

Tunda an zo gonata, bari in ce miyau ba ƙaramin abu ba ne a wajen dabba. Babbar saniya takan zubar da fiye da lita 100 a yini. Yana ɗauke da sinadari irin na kanwa mai kashe tsamin tumbi. Shi ya sa masu kiwon turka da ke ɗura wa sa dusa da hatsi babu harawa suke ganin ya kumbura ya daina tuƙa: babu tauna, babu miyau, tumbi ya yi tsami.

Auta_Malali
Kuma ai ƙudan tsando ma a maɓuɓɓugar miyaunsa ƙwayar cutar barci take kammala girma kafin ya sa wa mutum. A nan Kaduna cibiyar binciken sammore ta ƙasa take, mun je ziyara muna makaranta.

Ummu_Sadiq_Kawo
Don Allah a dawo kan Baba. Malam ya ce gashi har ƙasa yake taɓawa. Ina son in gane wannan sosai, don shi ne abin da zan je in faɗa wa Inna.

ƊanKaduna_a_Turai
Yaya, yi haƙuri, mun yi nisa. Ga yadda abin yake. Ana auna ƙarfin gashi da wani ma'auni, gire. Ciwon dajin wuya yakan buƙaci gire 60 zuwa 70, ana ba da kamar 2 kullum, kwana biyar a mako, shi ya sa kuka yi mako bakwai. Ita kuwa maɓuɓɓugar gaban kunne, likitoci na ƙoƙarin kada matsakaicin abin da zai same ta ya wuce kamar 26, don in ya haura haka da yawa da wuya ta farfaɗo. Kin ga tazarar. In ciwon na kusa da ita, dole wani kaso ya same ta.

Abin da gwajin dabbobi ya nuna shi ne ɓarnar hawa biyu ce. A kwanakin farko miyau yana raguwa tun kafin ƙwayoyi su mutu da yawa, suna nan amma sun daina amsa kira. Daga baya, cikin watanni, sai asarar gaske ta zo. Gashin ya raunata kundin gadon ƙwayoyin, don haka duk wadda ta tashi rabuwa don ta cike gurbi sai ta kasa ko ta mutu a hanya. Wasu ba su mutu ba, ba su kuma rabuwa, sun tsufa a tsaye suna fitar da sinadaran da ke dagula maƙwabtansu. Ƙananan hanyoyin jini sun lalace, tabo ya cike inda tsaba take. Ɓeran da aka yi wa gashi mai ƙarfi shi ma miyaunsa ba ya dawowa. Don haka ba wai an yi wa ɓera gata an hana Baba ba ne, raunin ne ba iri ɗaya ba.

Sai maganar jijiya, wadda ni ita ta fi ba ni sha'awa. Tun a gwajin ɗauri an lura cewa in zaren ya haɗa da jijiyar da ke kawo umarnin zubar da miyau, farfaɗowar ba ta yin kyau. A 2018 ɗakin binciken Sarah Knox a San Francisco ya nuna cewa akwai wasu ƙwayoyi masu alamar SOX2 da ke sabunta tsaba, kuma in aka yanke jijiyar sai su ragu, in aka ba su sinadarin da ke kwaikwayon saƙon jijiyar sai su motsa. Wato saƙon da ke cewa "zubo miyau" shi ne kuma ke cewa "ku hayayyafa".

Nas_Barnawa
To wannan ya haɗu da abin da muke gani. Akwai ƙwayar magani, pilokafin, da ke kwaikwayon wannan saƙon. Ba ta aiki sai in akwai sauran nama mai rai. Tana sa gumi sosai, kuma ba a ba mai asma da wasu masu ciwon zuciya ko na ido sai likita ya duba. Don Allah kada a je kemis a saya kai tsaye.

Maman_Khalifa
A gwada masa citta da kanumfari da lemun tsami a ruwan ɗumi. Kakata da shi take amfani in bakinta ya bushe, kuma tana tsotsar tsamiya.

LikitarHaƙori_Kaduna
Maman Khalifa, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma ban da lemun tsami da tsamiya a wannan bakin. Miyau ne ke wanke tsami daga haƙori ya mayar masa da abin da ya zaizaye. In babu shi, tsami da sukari cin haƙori suke yi kamar gara, daga gindi. Kuma wanda aka yi wa gashi a muƙamuƙi, cire masa haƙori babban haɗari ne, don ƙashin ba ya saurin warkewa. Citta da yaji kuma ƙona shi za su yi. Abin da nake ba da shawara: cingam marar sukari in yana iya taunawa, man goge baki mai fuloraid safe da dare, kurɓar ruwa a kai a kai, man kaɗanya ko baselin a leɓe. In kun ga fari-fari a harshe kamar dusar nono, ku kai shi a duba, naman gwari ne ke samun wuri. Ga hunturu na tafe, ku ninka kula.

Anti Ummu Sadiq, miyar yauƙi ita ce abokiyarku: kuɓewa, karkashi, lalo, kuka. Ita ke yi wa loma abin da miyau ya saba yi.

Ummu_Sadiq_Kawo
Likita, wallahi Inna da kanta ta gano haka, kusan kullum karkashi take kaɗa masa. Amma lemun tsamin muna ba shi. Daga yau an daina.

ƊanRigasa
Har yanzu dai ba a ba ni amsa ba. Me ɓera ya kawo?

Malamin_Sassan_Jiki
ƊanRigasa, bari in ba ka guda ɗaya da ba a jayayya a kansa. A 1962 Stanley Cohen ya ciro wani furotin daga maɓuɓɓugar miyau ta ƙarƙashin muƙamuƙin namijin ɓera. In aka yi wa jinjirin ɓera allurarsa sai idonsa ya buɗe da wuri, haƙoransa su fito kafin lokaci. Shi ne EGF, mai sa ƙwayoyin fata rabuwa. A kansa da wani ɗan uwansa mai tsirar da jijiya aka ba shi kyautar Nobel tare da Rita Levi-Montalcini a 1986. Daga wannan zaren aka gano makullin da EGF ke shiga a jikin ƙwaya, aka gano cewa ciwon dajin kai da wuya yana da shi da yawa, har aka haɗa magungunan da ke toshe shi. Miyaun ɓera ne farkon hanyar.

ƊanKaduna_a_Turai
Ga na biyu, wanda ya shafi bushewar baki kai tsaye. A Groningen ta ƙasar Holan, ƙungiyar Rob Coppes ta nuna a 2008 cewa in aka ɗebo ƙwayoyi daga lafiyayyar maɓuɓɓuga, aka raine su a ɗakin gwaji, aka dasa wa ɓeran da aka yi wa gashi, tsaba takan sake fitowa, miyau ya ƙaru. Daga baya a can ɗin aka gano a jikin ɓeraye cewa ba ko'ina a maɓuɓɓugar gaban kunne ke da daraja ɗaya ba: yankin da manyan bututu suke shi ya fi muhimmanci wajen farfaɗowa, in aka kare shi sauran yakan samu sauƙi. Akwai kuma Bruce Baum a Amurka, wanda ya ce tunda bututu ne ke tsira, a koya musu fitar da ruwa. Ya sa musu ƙwayar gadon da ke samar da wata ƙofar ruwa, ya fara da ɓeraye a 1997, ya koma kan aladu, aka buga sakamakon gwajin farko a kan mutane a 2012. Mutum 11 ne, kusan rabinsu suka ji sauƙi.

Amma Yaya, ba zan ɓoye miki ba: duk waɗannan gwaji ne, ba maganin da za ki je ki karɓo ba. Dashen ƙwayoyin ma ana ɗebo su ne daga jikin majinyacin kafin a fara gashi. Duk wanda ya ce miki yana da allurar ƙwayoyin halitta da za ta dawo wa Baba da miyau a biya shi, ki riƙe kuɗinki.

ƊanRigasa
Na farkon na yarda. Na biyun kuwa, daga 1997 zuwa yau shekara nawa? Mu da injin gashin ma sai an bi layi.

Hajiya_UnguwarRimi
Likitan Zango na ji bayaninka, na samu sauƙi kaɗan. Amma ina roƙon masu wannan aiki su ji tsoron Allah a kan dabbobin.

Ummu_Sadiq_Kawo
To yanzu wata 14 ɗin nan, shi ke nan an rufe? Ko akwai sauran rai?

Nas_Barnawa
Ba a rufe ba, Anti. Ga wanda wani ɓangare ya tsira, ana ganin ƙari a hankali har zuwa shekara biyu. Ku tambayi likitan gashin abu biyu: nawa ne ya sami maɓuɓɓugar kowane ɓari, kuma an kare ɓari ɗaya ko duka biyun aka gasa. Amsar na cikin fayil ɗinsa. Ku kuma kai duk magungunan da yake sha a duba, don wasu na hawan jini da na mura da na barci su ma suna busar da baki.

Malamin_Sassan_Jiki
Ki lura kuma da wannan a gida: in yana tauna abu, bakin yana ɗan jiƙewa ko kuwa babu bambanci ko kaɗan? Ta ƙarƙashin muƙamuƙi ce ke ba da mafi yawan miyau in mutum na zaune kawai, ta gaban kunne kuma sai an fara tauna take buɗewa sosai. Ki faɗa wa likitan abin da kika gani.

Ummu_Sadiq_Kawo
Yanzu na kira Inna. Ta ce in yana tauna aswaki da asuba yakan ɗan tofar, amma ta ɓarin dama kawai yake jin danshin. Kuma yana shan maganin hawan jini tun kafin ciwon, ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Ranar Talata muke da ganin likita, na rubuta tambayoyin a bayan katinsa.

Tela_KasuwarBarci
Allah ya sa a dace. Hajiya in kun dawo a sanar da mu abin da aka ce game da ɓarin daman nan.